Daga Damagaram zuwa Kelle da kat-kat mai giyar otomatik

A Damagaram, in ka ce za ka shiga daji da kat-kat, wato mota mai ja da taya huɗu, mai giyar otomatik, da wuya a rasa wanda zai girgiza kai. Direbobin da suka saba da hanyar Tanut da Agadas sun fi yarda da giyar hannu, kuma suna da hujjarsu. In batir ya mutu sai a tura mota ta tashi, in kuloc ya ƙone kowane makanike ya san yadda zai sauke shi. Amma a kan rairayi kam otomatik ba ta da abin kunya. Ba ta yanke wa tayoyi ƙarfi lokacin canjin giya, alhali wannan ɗan tsaikon da ke tsakanin taka kuloc da sakinsa shi ne yake kafe motoci da yawa a tsakiyar tudu. Zafi ne ke kashe ta, kuma direba ne ke tara zafin da ƙafarsa, ko ya hana shi taruwa. Hanyar da muka bi zuwa ƙauyukan arewacin Gure, har Kelle a ƙasar Kutus, ta nuna hakan filla-filla.

Lokacin kaka ne. Ruwa ya ɗauke, ana yankan gero, rana kuma ta dawo da ƙarfinta kafin sanyin hunturu ya sauko. Motoci biyu ne: Prado mai shan gazuwal, otomatik mai giya huɗu, wadda nake tuƙawa, da Hilux mai giyar hannu a hannun wani dattijon direba ɗan asalin Gure. Ba a shiga wannan daji da mota ɗaya in ana da hali, balle otomatik da ba ta tashi da turi.

Ana gobe za mu tashi na kai motar wurin wani tsohon makanike a Zango. Bai fara da injin ba, man buwat, wato akwatin giya, ya fara dubawa, kuma a yadda ya kamata: sai da aka ɗan zaga gari da motar ta ɗau zafi, aka tsayar da ita a wuri mai lebur, injin na aiki, ƙafa a kan birki, aka bi da sandar giya ta kowane gurbi daga P har L ana ɗan dakatawa, aka mayar P. Sannan ya zaro sandar awo, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomi biyu na HOT. Ya ɗiga shi a farar takarda, ya ɗaga ta sama ya kalla, ya sunsuna.

"Ja ne, bai yi baƙi ba, kuma ba ƙauri," in ji shi. "Amma ɗana, in za ka ƙara, abin da aka rubuta a jikin sandar nan za ka zuba. Kada mai kanti ya ce maka duk jan mai ɗaya ne."

"To, Baba."

T-IV aka rubuta a tamu. Tsofaffin Land Cruiser da yawa Dexron suke sha, sababbi kuwa WS, kuma waɗannan na baya ba su da sandar awo sam. Ta ƙasa ake duba su, a kwance wani ƙusa a gindin buwat lokacin da man ya kai wani ma'aunin zafi da littafin motar ya faɗa. Wannan ba aikin bakin hanya ba ne, a gari ake gama shi. Cika mai ya wuce alama ma illa ne, domin yana kumfa, kumfa kuwa ba ya riƙe matsi, sai giya ta riƙa zamewa. Na sayi lita biyu na ajiye a bayan mota, tare da shebur, igiyar ja, faifan ƙarfe biyu na shimfiɗa wa taya, famfon iska mai aiki da batir, ma'aunin iska, da wayoyin haɗa batir.

Da asuba muka bar gari, duwatsun Birni suna bayanmu. Tanki cike da gazuwal tun daga Damagaram. Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011 a kan hanyar Tanut, mai hankali a gidan mai na gari yake cika tanki da jarkoki, ba ya dogara da na kwalba a ƙauye. Kilomita 18 muka shiga Mirya, garin kukoki da tukwane. Gidimuni da tabkinta da dabino da lambuna, Gidigir, sai Gure, kimanin kilomita 160 daga Damagaram, duk kwalta. A nan ba abin da ake nema daga direba sai ya bar giya a D ya kula da ramuka da jakuna. Buwat ma a sanyaye yake tafiya, kuma dalilin wannan sanyin shi ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya.

Tsakanin injin da buwat ɗin otomatik babu kuloc irin na giyar hannu. Akwai wani rufaffen kasko cike da mai, kwambata, mai fuka-fukai biyu suna fuskantar juna. Injin na juya na farko, na farko ya watsa mai, man ya juya na biyu. Kamar dai yadda in ana burga nono a ƙwarya, ludayin da aka bari a ciki shi ma yake kama juyawa ba tare da maburgi ya taɓa shi ba. Duk ratar da ke tsakanin gudun na farko da na biyu, zafi take zama a cikin mai. A kan kwalta, da mota ta kai gudun kilomita 60 zuwa 80 a awa, akwai wani ƙaramin kuloc a cikin kaskon da yake ɗaure su wuri ɗaya, ratar ta ɓace, zafi ya sauka. A cikin rairayi ba za ka kai wannan gudun ba, don haka kaskon a sake yake yini yana aiki. Man buwat yana jin daɗi a kusan digiri 80 zuwa 95. Da ya haura 120 ya fara ƙonewa, robobin ciki su bushe, faifan kuloc su fara cinyewa.

A Gure muka karya kumallo, muka tambayi halin hanya da na tsaro wurin masu zuwa kasuwannin arewa, muka sanar da inda za mu. Daga nan muka bar kwalta. A inda ƙasa ta fara laushi muka tsaya rage iska, tun kafin a ga alamar kafewa. Tayoyinmu kilo 2.4 suke a kan kwalta. Muka sauke su zuwa 1.4, da ma'auni, ba da ido ba. Taya mai ƙarancin iska tana shimfiɗuwa, sawunta ya yi tsawo, ta hau kan rairayi maimakon ta huda shi. Mutane suna ɗaukar wannan a matsayin maganin kafewa kawai, amma shi ne kariya ta farko ga buwat: motar da ke tafiya a saman rairayi ba ta neman ƙarfi irin na wadda ke tura shi a gabanta. Sharaɗin shi ne kada a wuce kilomita 40 zuwa 50 a awa, kuma kada a murɗa sitiyari da ƙarfi, don kada bakin taya ya zame daga rim.

Sai kuma maganar ƙaramar giya, wato giyar ƙarfi da ake sawa da ƙaramar sanda ta biyu ta kat-kat (L, kishiyar babbar giya, H), wadda a ganina a nan yawancin masu otomatik suke cutar motarsu ba su sani ba. Mai giyar hannu in ya shiga rairayi da babbar giya, injin zai yi kuka, ya shaƙe, ya mutu. Motar da kanta take gaya masa. Otomatik ba ta mutuwa. Za ta ci gaba da ja shiru, kwambata na shanye wahalar, direba yana ganin komai lafiya. Ga lissafin a motarmu, a gudun kilomita 25 a awa cikin rairayi mai laushi. A babbar giya, lamba biyu, injin yana juyi kusan 2,000 a minti, amma bakin buwat, inda kwambata ke miƙa juyi, bai fi 1,100 da ɗan wani abu ba. Kusan rabin juyin yana narkewa a cikin mai. A ƙaramar giya, wadda take ninka ƙarfi kusan sau biyu da rabi, lamba uku, a wannan gudun dai, bakin buwat yana juyi kusan 1,900. Rata ta kusan rufewa. Gudu ɗaya, hanya ɗaya, amma zafin ba ɗaya ba.

Shigar da ita tana da ƙa'ida. A tsayar da mota cak, ƙafa a kan birki, a sa babbar sanda a N, sannan a ja ƙaramar sanda zuwa L da ƙarfi ɗaya ba tare da tsayawa a tsakiya ba. A wasu motocin L4 aka rubuta, a wasu LL, a sababbi kuma maɓalli ne ake murɗawa, a jira fitilarsa ta daina ƙiftawa. In aka ji ƙarar haƙoran giya, ba a yi ta da ƙarfi. A kashe injin, a shigar, a sake tayarwa. Motar da tayoyinta huɗu ke ja kullum, irin Prado, ana kuma kulle difaransiyal na tsakiya, mai raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya, in ba haka ba ƙarfin zai gudu zuwa tayar da ta fi zamewa. Masu sababbin motoci su kashe na'urar hana zamewa, VSC da TRC, domin da ta ji taya ta zame sai ta rage ƙarfin injin ta kama birki, daidai lokacin da ake bukatar mota ta ci gaba da tafiya.

Ban bar sanda a D ba. A D buwat yana farautar giya: ƙasa ta yi ɗan tauri ya hau huɗu, ta yi laushi ya faɗo biyu, ya sake hawa, kowane canji yana goge faifan kuloc yana ƙara zafi. Na kashe giya ta huɗu da maɓallin O/D, a wurare masu nauyi kuma na ja sanda zuwa 2. A motocin da ke da S ko M, sai a zaɓi lambar da hannu. Ƙafa kuma a tsaye take wuri ɗaya a kan totur. In ka danne shi har ƙasa, buwat zai yi tsalle ya koma ƙaramar lamba, tayoyi su fizga, su tona rami. Wurin tashi daga tsaye ma haka: a saki birki a bar mota ta fara rarrafe da kanta, sannan a bi ta da totur a hankali. Akwai maɓallin 2nd STRT a Land Cruiser da Prado da yawa, mai sa mota ta tashi da lamba biyu don kada taya ta yi ta juyi a banza. A ƙaramar giya yana da amfani ƙwarai. A babbar giya cikin rairayi mai zurfi, wahala kawai yake ƙara wa kwambata.

Ƙasar Gure tuddan rairayi ce, tsakaninsu kwaruruka masu goruba da dabino, wasu da kanwa fari fat a gindinsu. Hanyar amalanke ta hau tudu ta gangara kwari, ta sake hawa, sawun shanu da raƙuma ya tumurmushe ta. Da safe rairayin yana da ɗan danshin dare, yana ɗaukar mota. Wajen azahar ya bushe ya saki jiki, tudun da aka haye da lamba uku da hantsi sai an nemi biyu. A wani dogon tudu mai laushi a ƙarshensa, motar ta fara rage gudu saura ƴan taku a kai sama. Abin yi a nan ɗaya ne: a ɗaga ƙafa tun tayoyi ba su fara tono ba. Na taka birki, na sa R, na gangaro da baya a miƙe cikin sawuna, injin na riƙe da motar. Ba a saukowa a N, domin babu abin da zai riƙe ta sai birki, kuma ba a gwada juyawa a gicciye a jikin tudu, nan ne kat-kat take kifewa. Sawun farko ya riga ya danne rairayin. Na ja baya na ƙara nisan ɗaukar gudu, ta haye. A ƙwanƙolin tudu ana sassauta totur, don ba ka ganin abin da ke ɗaya gefen, ko garke ne ko gangare mai tsayi. Tsayawa a rairayi kuma ba da birki mai ƙarfi ba, yana tara tsibi a gaban taya. A bar mota ta tsaya da kanta, in da hali tana fuskantar gangare.

Bayan azahar muka tarar da wata kat-kat otomatik a kafe a wani kwari, ta nutse har cikinta ya zauna a ƙasa, fasinjoji sun fake a inuwar aduwa. Tun daga nesa ana jin ƙaurin mai. A allon gaban direba fitilar A/T OIL TEMP, ta zafin man buwat, tana ci, shi kuma saurayin direban ya kashe injin, ya buɗe bonet, yana shirin kwara wa buwat ruwa. Dattijon Hilux ya riƙe hannunsa.

"Haba yaro, tayar da ita. Sa ta a P ka bar ta tana aiki."

"Baba, ai zafi ta yi."

"Shi ya sa. In ka kashe, wa zai zagaya da man?"

Gaskiyarsa. Famfon man buwat injin ne ke juya shi. In injin na aiki a hankali, man yana bi ta bututu zuwa wurin sanyaya shi a lagireto, fanka na hura iska, zafi na fita. In an kashe, man ya tsaya cik a cikin kaskon da ya fi ko'ina zafi. Littafin Toyota ma abin da ya ce ke nan: a tsaya, a sa P, a bar injin yana aiki har fitilar ta mutu. Muka kashe masa na'urar sanyaya ɗaki don ta rage wa lagireto nauyi. Tayoyinsa kuwa da muka auna, kilo biyu da rabi suke, ƙaramar sanda tana H. Saurayin ya ce da motar ta tsaya sai ya yi ta danna totur, yana wurga sanda daga D zuwa R, daga R zuwa D, ko za ta fizge.

Waɗannan biyun su ne mafi saurin hallaka buwat. Danna totur mota ba ta motsi, duk ƙarfin injin zafi yake zama. Ko a gareji, in makanike zai yi irin wannan gwajin, ba ya wuce daƙiƙa biyar zuwa goma. Wurga sanda tayoyi na juyawa kuwa, faifan kuloc ne suke karɓar dukan. Ana iya yin gaba da baya don a danne hanya, amma kowane canji sai tayoyi sun tsaya cak, ƙafa a kan birki, injin ya sauko, an ji giyar ta shiga, sannan totur kaɗan. In an yi sau biyu ko uku ba ta motsa ba, magana ta koma hannun shebur.

Muka kwashe rairayin da ke ƙarƙashin cikinta da difaransiyal har haske ya ratsa, muka share gangare mai sauƙi a gaban kowace taya, muka sauke iska zuwa kilo ɗaya, muka cusa faifan ƙarfe a ƙarƙashin tayoyin baya. Da fitilar ta mutu ya sa ƙaramar giya, Hilux ta tsaya a ƙasa mai ƙarfi ta ɗaura igiya a ƙugiyar da ke jikin shasi. Ba a ɗaurawa a dunƙulen jan tirela, in ya karye harsashi yake zama. Kowa ya ja baya fiye da tsawon igiyar. Injinsa na aiki, giya a ciki, yana taimakawa a hankali, ta fito ba tare da an fizge ta ba. Man nasa da muka zaro ya koma ruwan ƙasa mai duhu. Zai kai shi gida, amma juye ya zama dole da ya isa gari.

A wannan lokaci na shekara akwai wani abokin gaba da ba a cika lissafawa da shi ba, ciyawa. Tsakiyar hanyar amalanke ciyawa ce ta bushe, da karangiya, mota na tafiya tana aske ta da gabanta. Ƙaiƙayin yana toshe ramukan lagireto, kuma tunda a nan man buwat yake sanyaya, injin da buwat tare suke ɗaukar zafi. Duk inda muka tsaya sai mun leƙa gaban lagireto mun share da burushi mai laushi, mun hura da famfon iska daga baya zuwa gaba. Wasu suna ɗaura gidan sauro a gaban mota, yana tare ƙaiƙayi amma shi ma yana rage iska, sai an riƙa kakkaɓe shi. Sannan a durƙusa a duba ƙasa: ciyawa na naɗewa a farfela, dogon ƙarfen da ke kai juyi ga tayoyi, tana cushewa tsakanin salansa da farantin kariya. Busasshiyar ciyawa a jikin salansa mai zafi gobara ce, ta mota da ta dajin makiyaya. Saboda haka ma ba a tsayar da mota a kan doguwar ciyawa.

Ruwa sau ɗaya ya tare mu, ragowar tabkin damina da ya kwanta a kan hanya. Muka tsaya, aka shiga da ƙafa da sanda: bai kai gwiwa ba, ƙasan kuma yashi ne, ba laka ba. Kamfanin ya ba irin waɗannan motoci kimanin santimita 70, amma wannan iyaka ce, ba abin nema ba. Tsayawar ta yi wani amfanin, ƙarafa sun ɗan huce. Buwat da difaransiyal suna da ƙananan bututun numfashi a samansu. In ƙarfe mai zafi ya faɗa ruwan sanyi, iskar ciki ta tsuke, sai ya zuƙo ruwa. Muka ratsa da ƙaramar giya, sanda a 2, gudu ɗaya ba tsayawa, muka fito muna ɗan taka birki don ya bushe. Daga baya na zaro sandar awo. Man da ruwa ya shiga yana komawa kalar madara mai ɗan ja, kuma ruwa na ɓamɓare fatar faifan kuloc, don haka in an ga wannan kalar ba a ci gaba da tafiya. Irin wannan kalar tana fitowa ko ba a shiga ruwa ba, in bututun man da ya ratsa cikin lagireto ya fashe, abin da ke faruwa a tsofaffin motoci.

Da muka doshi Kelle ƙasa ta canza. Duwatsun Kutus suka bayyana, masu shimfiɗaɗɗen kai, hanya ta koma tsakuwa da zaizayar ruwa. Muka ƙara iska zuwa 1.8, saboda taya mai laushi sosai dutse na yanka ta a gefe. A hawan dutse otomatik ta fi giyar hannu daɗi nesa ba kusa ba: ƙaramar giya, sanda a L, mota na rarrafe taku-taku, ba kuloc da zai ƙone. Inda taya za ta hau dutse ta faɗa ɗaya gefen, ƙafar hagu a kan birki kaɗan, ta dama a kan totur kaɗan, sai ta sauka a hankali ba ta buga cikinta ba. Kaskon man buwat a ƙasa yake, ƙarfensa siriri ne, in ya lotsa yana iya toshe matatar da ke cikinsa. Abin da ba a yi shi ne riƙe mota a kan hawa da totur. In za a tsaya, birki.

Gangara ita ce inda otomatik take da rauni. Injin ba ya riƙe ta kamar yadda yake riƙe mai giyar hannu, domin mai ne a tsakaninsu. In aka bar ta a D sai ta yi ta hawa giya tana ƙara gudu, direba ya kwanta a kan birki har ya yi zafi ya daina kamawa. Tun a sama ake tsayawa a sa ƙaramar giya da L, a sauko ana taɓa birki a hankali ba tare da tayoyi sun kulle ba. Hilux ta sauka ba ta ko haska fitilar birki ba. Ni sai da na taimaka da ƙafa. Masu maɓallin DAC, na saukar gangare, su danna shi su bar na'ura ta yi aikinta, ƙarar da take yi ba lalacewa ba ce.

Inda muka sauka a Kelle wurin yana da ɗan gangare, kuma ajiye otomatik a irin wannan wuri yana da tsari. P ba birki ba ne, wani ɗan ƙarfe ne da bai fi yatsa ba yake faɗawa cikin haƙorin giya. A taka birki, a ja birkin hannu, a sa N a saki ƙafa har nauyin mota ya zauna a kan birkin hannu, sannan P. In aka yi akasin haka nauyin duka yana kan ɗan ƙarfen, da safe sanda ta ƙi fita, in ta fita da ƙara. A kuma tabbata ƙaramar sanda ba ta tsaya a N ba. In tana N, tayoyi sun rabu da buwat, P ba ta riƙe komai, mota za ta iya gangarawa da mutane a ciki. Fitilar A/T P da ke wasu Toyota wannan take faɗa. Dutse a bayan taya ba ya cin kuɗi.

Da dare masu waya suka yi layi suna son caji a mota. Na ba su na Hilux. Otomatik in batir ya kwanta, ko mutanen gari duka sun taru ba za su tura ta ta tashi ba, sai waya daga wata motar. Sandar giya ma ba za ta bar P ba in babu wuta, sai an danna ɗan maɓallin sakinta da ke kusa da ita, a wasu motocin yana ƙarƙashin wani ƙaramin murfi. Ja da igiya kuma, injin a kashe, yana da haɗari ga buwat: tayoyi na juya kayan ciki, famfo ba ya ba su mai. Littattafan motoci da yawa sun iyakance shi ga gudun da bai wuce kilomita 30 a awa ba, kuma ɗan gajeren zango. Daga Kutus zuwa Damagaram ba gajeren zango ba ne. In abin ya kai ga haka, a kwance farfela ta gaba da ta baya, a yi musu alama da alli don a mayar yadda suke, a tuna kuma cewa injin a kashe birki da sitiyari duk suna yin tauri.

A komowa, a bakin kwaltar Gure muka mayar da iska 2.4, muka fita daga ƙaramar giya ta hanyar da aka shiga, tsaye cak a N, na saki makullin tsakiya. Fitilarsa ta ƙi mutuwa sai da na ɗan ja da baya a miƙe, abin da yakan faru in ƙarafa sun ɗaure. Tafiya a kwalta da makulli a ciki tana murɗe farfela, tana cin taya, ana jin sitiyari na gardama a kwana. Hilux ma ta koma H2, wato ja da taya biyu.

A Damagaram aka wanke lagireto daga baya, aka kakkaɓe matatar iska, aka duba bututun man buwat ko akwai yoyo. Man namu yana nan ja. Duk da haka motar da ke yawan shiga rairayi ba a jira mata dogon zangon da ake ba motar gari. Makanikai da yawa suna juye wa irinta a kilomita 40,000. In an kwance ƙusan ƙasa lita uku zuwa huɗu kawai ke fita daga cikin goma da wani abu, sauran yana cikin kwambata da bututu, shi ya sa man da ya riga ya yi duhu sai an juye, an yi ƴan kwanaki ana tafiya, an sake juyewa. Wanda aikinsa ya zama hanyar Tasker ko ƙauyukan Damargu kullum, ya sa a ɗaura masa ƙarin ƙaramin lagireto na man buwat a gaban babban, da agogon da ke nuna zafin man, domin fitilar allo ba ta kamawa sai zafi ya riga ya yi nisa.